Uwar maƙera ta farko: tambayoyin da masu koyon ƙira suka fi yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu shiga ƙira, musamman waɗanda ba gadon sana'ar suka yi ba, ba su tarar da kayan aikin uba ko kaka a gida ba. An sa wa kowace lamba don a riƙa komawa wata daga wata. Maganar ta ƙirar baƙi ce, ta fartanya da gatari da lauje da wuƙa. Maƙerin fari mai zobe da awarwaro, ɗan dunƙulen ƙarfe mai santsi ya ishe shi.

1. Mene ne aikin uwar maƙera, kuma me ya sa ba kowane ƙarfe ne zai yi ba?

Aikinta ta tsaya cak idan guduma ta sauka. Jan ƙarfen da ka ciro daga wuta ta fuska biyu yake shan duka, guduma daga sama, uwar maƙera daga ƙasa. In abin da ke ƙasa ya girgiza ko ya lotsa, ƙarfin hannunka ya zurare cikin ƙasa, ƙarfen ya huce bai tafi ko'ina ba, ka sake mayar da shi wuta ka ƙara ƙona gawayi.

Abu uku ake nema: nauyi a daidai ƙarƙashin inda guduma ke faɗawa, fuska mai tauri, da kafuwa mai kyau. Na farkon shi mutane suka fi kuskurewa. Faffaɗan faranti mai kilo 40 da kaurinsa bai wuce inci ɗaya ba, bai kai guntun shaf (mulmulallen sandan ƙarfe na inji) mai kilo 25 da aka kafa a tsaye ba, domin nauyin farantin ya bazu gefe inda ba ya amfanar kowa, shi kuwa shaf duk nauyinsa a ƙarƙashin guduma yake.

2. Dole ne sai irin ta Turawa mai ƙaho?

A'a. Wannan siffa mai ƙaho a gaba da jela a baya ta Ingila ce, kuma aikin maƙeransu ne ya haife ta, musamman takalmin doki da sarƙa da ƙarafan keken doki, aikin da lanƙwasa ta yi masa yawa. Jamusawa nasu ƙaho biyu gare shi. A ƙasar Hausa kuwa dunƙulen ƙarfe mai faɗin kai da tsinin gindi ake kafawa cikin itace, maƙeri ya zauna a gabansa, kuma da shi aka ƙera garma da takobi da linzami tun kafin zuwan Bature. Wasu maƙeran Afirka ma a kan dutse suka riƙa yin babban duka.

Mai ƙaho tana da amfaninta, ba a musu. Amma in aikinka wuƙa ne da fartanya da lauje, mafi yawan dukanka a wuri ɗaya zai riƙa sauka, wurin da bai fi tafin hannu ba. Abin da za ka yi in ka bukaci ƙaho yana amsa ta 16.

3. Kilo nawa ya kamata ta kai?

Gudumarka ce za ta gaya maka. Ƙiyasin da aka saba bi shi ne uwar maƙera ta ninka guduma sau 30 zuwa 40. Mai koyo da gudumar kilo ɗaya yake farawa, wani lokaci kilo ɗaya da rabi, ka ga ke nan tsakanin kilo 30 da 60. Wuƙa, aska, lauje, ƙugiya da basilla, kilo 30 ya wadatar. Gatari da garma da duk aikin da za a yi daga sifirin mota mai kauri, gara ta kai kilo 50 zuwa 80. In kana da yaro mai dukan masaba, to ana maganar kilo 100 zuwa sama, in ba haka ba ƙaramar za ta riƙa tsalle, gefenta ya ɓantare.

Ƙarama da aka kafa da kyau cikin kututturen da ke binne tana aiki fiye da nauyinta (amsa ta 15). Ka kuma tuna da ɗauka. Kilo 50 mutum ɗaya zai iya ciccibarta ya shigar ɗaki da yamma. In ta haura 80, inda aka ajiye ta nan za ta riƙa kwana, kuma 'yan jari-bola ba sa raina ƙarfe.

4. Da wane irin ƙarfe ake yin ta?

Iri huɗu za ka ci karo da su. Akwai tsohon yayi: jiki na ƙarfe mai laushi, aka liƙa masa farantin ƙarfe mai tauri a sama ta hanyar haɗin wuta. Haka yawancin tsofaffin na Ingila suke, irin su Peter Wright da Mousehole. Akwai wadda aka matse daga tsantsar ƙarfe mai tauri da babban inji, kamar Peddinghaus ta Jamus. Akwai wadda aka narka ƙarfe mai tauri aka zuba, sannan aka taurara fuskarta, kamar Kohlswa ta Suwidin da Brooks ta Ingila. Dukansu uku suna aiki.

Na huɗu shi ne wanda ake gudu: kas, wato ƙarfen zubi irin na bulok ɗin injin mota da tsohon dutsen guga na gawayi. Sinadarin gawayi (kabon) da ke cikin ƙarfen ya yi yawa, don haka ba ya jure duka. Fuskarsa tana lotsawa, gefensa yana marmashewa, ƙaho kuma yana iya karyewa ɓaras. Siffar uwar maƙera kawai gare shi. Togiya ɗaya ita ce irin ta kamfanin Fisher na Amurka, wadda jikinta kas ne amma fuskarta farantin ƙarfe mai tauri ne da aka haɗa tun wurin zubi. Wannan mai kyau ce.

5. Yaya zan gane kas tun ina kasuwa?

Ka tafi da ƙaramar guduma, da magagari, da burushin waya, da ƙwallon boris. Ka fara da goge fenti da tsatsa a wani gefe na fuskar. Goga magagari a kusurwa: in ya zame yana ƙara bai ci ba, fuskar tana da tauri; in ya nutse yana fitar da baƙin gari mai ɓata yatsa kamar na fensir, kas ne. Ƙwanƙwasa da guduma a hankali, ka duba ko ta bar tabo.

In akwai mai walda kusa, ka roƙe shi ya taɓa ƙasan ƙafarta da injin gurza. Tartsatsin kas gajere ne, ja mai duhu, ba ya nisa. Na ƙarfe mai laushi dogo ne, rawaya, ba rassa da yawa. Na ƙarfe mai tauri yana fashewa da ƙananan taurari masu yawa a ƙarshensa. A ƙasa ake wannan gwaji, ba a fuska ba. Amma ka lura, tsohuwa mai liƙaƙƙen faranti ƙasanta mai laushi ne da ma, don haka tartsatsi shi kaɗai ba ya yanke hukunci sai an haɗa da gwajin amsa ta 6.

6. Yaya ake gwajin ƙwallon boris?

Wannan ne gwajin da ya fi kowanne gaskiya. Sami ƙwallon boris mai faɗin santimita 2 zuwa 2 da rabi. Makanikan manyan motoci ba sa rasa shi. Tsayar da rula a kan fuskar da ka goge, ka saki ƙwallon daga santimita 25. Saki za ka yi, ban da jifa. Ka sunkuya idonka ya yi daidai da rular, ka ga inda ya dawo. In ya kai 20, kashi 80 ke nan, mai kyau ce ƙwarai. In ya kai 17 ko 18, za ta yi aiki. In bai kai 12 ba, ko kas ce ko ta taɓa shiga gobara taurinta ya tafi.

Kada ka gwada a wuri ɗaya. Yi a tsakiya, yi kusa da ƙaho, yi wajen jela, yi kusa da gefuna biyu. Raguwa kaɗan wajen jela ba komai ba ne, jikin ba shi da kauri a nan. Abin tsoro shi ne wuri guda a tsakiyar fuska da ƙwallon zai faɗa ya mutu alhali maƙwabtansa suna tsalle. Ma'anarsa tana amsa ta 11. Tsatsa da fenti da mai suna rage tsallen, don haka gwaji a kan datti zaluntar kayan ne.

7. An ce mai kyau ita ce mai ƙara kamar ƙararrawa. Haka ne?

Rabin gaskiya ce. Ƙara tana nuna jikin ba shi da tsagewa, ba ta nuna taurin fuska. Wadda gobara ta kashe tana iya yin ƙara ras. Fisher ba ta ƙara sam, kuma ba abin da ya same ta. Sannan duk wadda aka ɗaure tam a kan kututture muryarta dushewa take. Amfanin kunne shi ne jin bambanci: ka bi fuskar da ƙwanƙwasa daga ƙaho zuwa jela, in sautin ya sauya farat ɗaya ya koma kwaf-kwaf ko ya yi karkarwa, akwai matsala a wurin.

8. Ba ni da kuɗin ta kanti. Me zan nema a wurin 'yan gwangwan?

A nan yawancin masu farawa ya kamata su fara. A Panteka ta Kaduna, ko Kofar Ruwa a Kano, ko Katako a Yamai, ko wurin 'yan gwangwan na garinku, da kilo ake sayar da ƙarfe, ba ruwan mai sikeli da sunan kamfani. Abin nema shi ne dunƙule mai kauri marar rami a ciki. Guntun shaf na injin masana'anta ko na katafila shi ne kan gaba. Sai haƙorin motar ɗaga kaya, wanda da ma an taurara shi. A yanke shi wajen gwiwa a tsayar da ɓangaren mai kauri. Sai aksul na babbar mota, da babban fil na hannun katafila. Kan babbar guduma mai kilo 6 zuwa 9 da aka nutsa cikin kututture, fuska ɗaya tana kallon sama, ya isa a koyi wuƙa da ƙugiya.

Za ka iya sanin nauyi tun kafin a ɗora a sikeli. Kowace santimita kubik ta ƙarfe giram 7.85 ce. Shaf mai faɗin santimita 10 da tsawon 50 zai ba ka kusan kilo 31. Mai faɗin 15 da tsawon 30, wajen kilo 42. Dunƙule mai kusurwa huɗu, 10 da 10 da tsawon 30, kilo 23 da rabi. Ko ƙarfen mai laushi ne, saya: jan ƙarfe ya fi shi laushi nesa ba kusa ba, tabon da zai samu na dukan da ka kuskure ne, shi kuwa ana goge shi.

Abin da za a bari: bulok ɗin inji, da ƙarfen nauyi na gaban tarakta ko bayan motar ɗaga kaya, duk kas ne. Ƙarfen gini mai siffar H ihu kawai yake, yana lanƙwasa a ƙarƙashin duka. Sannan duk wani abu rufaffe mai siffar kwalba ko mai tsinin kai da ba ka san asalinsa ba, kada ka ƙwanƙwasa, kada ka yanka, kada ka kai kusa da wuta. A yankunan da aka yi rikici an sha samun abin fashewa cikin kayan gwangwan.

9. Ƙarfen layin dogo fa?

Kafin komai, doka. Layin dogo a Najeriya kayan hukumar jiragen ƙasa ne, kuma ana kama mutane da shi ana kai su kotu, mai ɓallewa da mai saye. In ba da takardar gwanjo ta hukuma ya zo ba, ka bar shi inda ka gan shi, kome arahar sa.

Ta fuskar aiki kuwa, ƙarfensa mai kyau ne amma siffarsa ba ta taimaka ba. A kwance, kan da ake duka faɗinsa wajen santimita 7 ne kawai, ga shi a kumbure, a ƙarƙashinsa kuma siririn wuya ne mai girgiza da ƙara. Masu yanke shi su fitar masa da ƙaho da jela suna ƙara rage ɗan nauyin da yake da shi ne. In ka samu na halak, tsayar da shi: guntu mai santimita 60 zuwa 70, ka riƙa duka a kan yankakken bakinsa wajen kai. Wurin ƙarami ne, amma duk tsawon ƙarfen yana ƙarƙashinsa. Babban layi na zamani yana kai kilo 60 a kowace mita, tsofaffin kuwa ba su kai haka ba.

10. Sababbin da ake kawowa daga Sin, suna aiki?

Kashi biyu ne, kuma fenti ɗaya ake shafa musu. Akwai na kas, masu matuƙar araha. Araha kuwa ba ta ado, dubi amsa ta 4. Akwai na zubin ƙarfe mai tauri, an fi ganin masu kilo 30, waɗannan suna yi wa mai koyo aiki sosai. Maganar mai kanti ko rubutun kwali ba hujja ba ce, ƙwallon boris ne hujja.

Ko mai kyau a cikinsu ba ta rasa abin gyara. Sau da yawa ƙahon a baje yake, sai an goge fentin an zagaye shi da injin gurza. Gefuna suna zuwa da kaifi (amsa ta 13). Wani lokaci akwai ƙananan ramuka na iska da aka cike da bodi aka rufe da fenti. Ka bi jikin da tsinin ƙusa, inda ta nutse a nan aka ɓoye. In a ƙafa suke ba damuwa, in a fuska ko gindin ƙaho suke, a canza maka wata.

11. Na samu tsohuwa. Wane aibu zan yafe, wane ne ba zan yafe ba?

Tsatsa, tabon guduma, ƙananan ɓantarewa a gefe, duk a yafe. Lotsawar tsakiya da ba ta wuce milimita 2 ko 3 ba idan ka ɗora rula, ita ma a yafe. Tana ma taimakawa wurin miƙe wuƙar da ta karkace. Dagargajajjen tsinin ƙaho ba komai. Ko wadda jelarta ta karye gaba ɗaya, muddin tsakiyar fuska tana mayar da ƙwallo, uwar maƙera ce, kuma dalilin neman ragi ne ka samu.

Uku ne ba a yafewa. Na farko, faranti ya rabu da jiki: za ka ga siririn layi a gefe a ƙarƙashin fuskar, ko ka ji kwaf-kwaf, ko ƙwallo ya mutu a wuri guda. Rabuwar ci gaba take yi har wata rana faranti ya ɓalle. Na biyu, tsagewa a ƙugu ko a gindin ƙaho. Na uku, wadda ta sha gobara. Ka kuma yi hattara da fuskar da ta yi sumul fiye da shekarunta. Wataƙila an kankare ta da inji, an cinye taurin. A yawancin tsofaffi farantin bai fi santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Duba kaurinsa daga gefe. In daga wata ma'aikata ko makarantar koyon sana'a aka ce ta fito, tambayi takardar gwanjo, ka kuma karɓi rasit.

12. Lambobi uku da ke jikin tsofaffin na Ingila, me suke nufi?

Nauyi ne a tsohon ma'aunin Ingila. Lambar farko a ninka ta da laba 112, ta biyu da laba 28, ta uku kuma laba ce yadda take. Ta biyu ba ta wuce 3, ta uku ba ta wuce 27. In ka ga 1 1 10, to 112 da 28 da 10, laba 150 ke nan, wajen kilo 68. Mai sayarwa zai iya ɗaukar lambobin a matsayin kilo ya faɗa maka nauyin da ya fi na gaske, ba lallai da mugun nufi ba. Na Amurka laba suke rubutawa kai tsaye, na Jamus kilo. In akwai sikeli kusa, a ɗora kawai, a raba kuɗin da kilo, ka gwama da farashin dunƙulen gwangwan na amsa ta 8.

13. Gefunanta su zama masu kaifi ko a zagaye su?

A zagaye su. Kaifin gefe yana ɓantarewa da duka ɗaya da ya kauce, kuma yana yi wa aiki illa: in ka dasa kafaɗa a kansa, misali inda ƙotar wuƙa ta haɗu da ruwanta, yana barin tsaga siririya wadda daga nan wuƙar za ta karye bayan an taurara ta. Da magagari ko injin gurza mai faifan yashi, ka zagaye gefen kamar milimita 5 ko 6 a kusa da ƙaho, kana ragewa har ya koma milimita 1 ko 2 wajen jela. In shaf ne, raba bakin gida biyu ko uku, kowane da nasa zagayen. Cire kaɗan ka yi aiki mako guda ka gani. Abin da aka goge ba ya dawowa.

14. Zan iya gyara fuska da walda, ko in liƙa sifirin a kan ƙarfe mai laushi?

Mai koyo ya bar wannan. Ƙarfe mai tauri in aka yi masa walda da sanyinsa, gefen ɗinkin yana tsagewa, zafin kuma yana sassauta taurin wurin da ke kewaye. Gyaran gaske yana bukatar a ɗumama jikin duka zuwa wajen digiri 200, a yi amfani da sandar walda ta musamman, a bar shi ya huce a hankali cikin toka ko yashi. Sandar da ake haɗa ƙofa da taga ba ta yi.

Liƙa sifirin a sama kuwa, matsalarsa ita ce a gefe kawai walda ke kamawa, tsakiya akwai iska ko da ido bai gani ba. Ka ƙera wa kanka aibun farko na amsa ta 11 ke nan da kuɗinka. Haka ma gasa babban dunƙule a tsoma shi cikin duro don ya yi tauri: tururi ne zai lulluɓe shi ya hana ruwa taɓa shi, ya huce a hankali bai taurara ba, kai kuma ka sha ƙuna. Masu ƙera ta a da, ruwa mai yawa suke kwararo mata daga sama ba tsayawa.

15. Yaya zan kafa ta, kuma a wane tsayi?

Sami kututturen itace mai tauri, busasshe: ƙirya, marke, maɗaci ko tsamiya. A tsaye za a sa shi yadda bishiyar ta tsiro, a binne santimita 40 zuwa 60, a daddaɓe ƙasar kewaye. Shafa wa ɓangaren da zai shiga ƙasa baƙin mai saboda gara. Ɗaura masa zoben ƙarfe a wuya don kada ya tsage. In uwar maƙerarka mai tsinin gindi ce ko shaf, a fafe rami daidai ita, a sa ɗan faranti a ƙasan ramin ko a yi mata kafaɗa, in ba haka ba kullum nutsewa za ta yi har ta raba itacen biyu. Mai ƙafafu kuma, a danne ƙafafun da ƙarfe da dogayen kusoshi har sai ka tura ta da ƙarfi ba ta motsa ba. Inda ba a iya haƙa ƙasa, rabin duro cike da yashi da katako mai kauri a sama yana yi.

Mai ƙira a tsaye, ya tsaya ya saki hannu ya dunƙule. Inda gaɓoɓin yatsunsa suka tsaya, nan fuskar za ta kasance, ko sama da haka kaɗan. Ga yawancin mutane tsakanin santimita 70 da 80 ne. Mai ƙira a zaune, kamar taƙi guda daga ƙasa ake farawa, a daidaita da abin zama. Ko wanne ne, ga gwaji: ɗora guntun katako a fuskar ka doke shi yadda ka saba. In guduma ta bar cikakken zagaye, tsayin ya yi. In ta nutse ta gefen da ke kusa da kai, ta yi sama da yawa. In ta gefen nesa ne, ta yi ƙasa. Wadda ta yi ƙasa baya take ci, wadda ta yi sama kuma kafaɗa da gwiwar hannu.

16. Tawa ba ta da ƙaho, ba ta da ramuka. Me zan yi?

Ƙaho na lanƙwasa ne. Kan tsohuwar diga da aka kafa a wani kututture, tsininsa sama ko gefe, yana yin wannan aiki, har da naɗe bututun fartanya ko na dagi. Guntayen shaf masu faɗi daban-daban suna ba da zobe da ƙugiya. Ƙaramin rami mai zagaye na huda ne, don abin huji ya sami inda zai wuce. Babban noti ko farantin da aka huda ya maye gurbinsa. Rami mai kusurwa huɗu na riƙe kurfin da ke kallon sama ne. Kafa naka kurfin a kututture na daban, wanda ma ya fi aminci, don ba za ka manta da kaifi a kusa da hannun gudumarka ba.

17. Ƙararta tana damun kunnena da maƙwabta. Akwai magani?

Mafi yawan ƙarar daga rashin ɗauri take, don haka fara da matse ta (amsa ta 15). Shimfiɗa ƙyallen roba marar kauri ko fata a ƙarƙashinta. Mai kauri yana shanye duka. Naɗa sarƙa zagaye biyu ko uku a ƙugu, ko ka manna babban maganaɗisu na tsohuwar lasifika a ƙarƙashin ƙaho ko jela. Duk da haka ka toshe kunne. Jin da ƙara ta ci ba ya dawowa, kuma a hankali yake tafiya ba ka lura ba.

18. Me ke saurin lalata ta?

Dukan fuska da guduma ba jan ƙarfe a tsakani. Tauri biyu in suka haɗu da ƙarfi, ɗan ɓaɓɓake yana tashi da gudun da zai shiga ido ko ya nutse a cinya, shi ya sa tabarau na kariya ba ado ba ne. Sai dukan ƙarfen da ya huce: in jan ya dushe ya koma duhu, mayar da shi wuta. Sai yanka da kurfi kai tsaye a kan fuska. Ajiye ɗan faranti mai laushi da za ka riƙa ɗorawa in za ka yi yanka. Aikin sanyi irin na sare duro da miƙe rodi, a ba shi nasa ƙarfen daban. Masaba kuma ba ta sauka a gefe, ko ƙaho, ko jela, sai tsakiya. Kada mai walda ya mayar da ita teburinsa, domin kowane ɗigon wuta yana barin tabo mai laushi.

Da damina, goge ta da tsumma mai ɗan mai bayan an tashi aiki, a rufe da buhu ko kwano. Da sanyin hunturu kuma, kafin ka fara sirara irin wuƙa da lauje, ɗora mata jan guntun ƙarfe na 'yan mintuna ta yi ɗumi, in ba haka ba tana zuƙe zafin aikin kafin ka yi duka biyar.